Hajiya, ruwa ne ya kashe miki agab ɗin nan

Wa alaikumus salam Hajiya, ina wuni, ya gida ya yara. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni, yau dai na ce sai na zauna na amsa miki a natse don irin wagga tambaya ba ta amsuwa a layi biyu. Bari in maimaita ta saboda waɗanda ba su gani ba. Hajiya ta ce sun tare sabon gida nan Tawa, ta gaji da sayen fulawa suna ƙonewa duk bazara, sai ƙanenta ya kawo mata shuka biyu daga Yamai, masu kaurin ganye da ƙaya a baki, mai saidawa ya ce sunanta agab kuma wai ba ta mutuwa. Ta dasa ɗaya jikin bangon ɗaki, ɗaya kusa da wurin alwala, ana ba su ruwa safe da marece. Sun yi kyau har damina ta sauka, cikin Agusta ta jikin bangon ta fara rawaya daga ƙasa, ta yi laushi, da yaro ya ja ganye sai ya biyo shi a hannu, ga wari. Yanzu ɗayar ma ta fara sake launi. Tana son ta san mi ya kashe ta farin, ko ana iya ceton ta biyun, kuma ko shukar ta dace da ƙasarmu ma.

To Hajiya, na fi shekara goma ina aikin garka da dashen fulawa a gidajen mutane tsakanin Yamai da nan, kuma wallahi kusan duk agab ɗin da aka kira ni in duba ta mutu, ruwa ne ya ci ta. Wadda ƙishi ya kashe ban ƙirga ko biyar ba. Ke ba ki yi sakaci ba, kin yi mata irin kulawar da ake ma zogale da tumatir ne, ita kuwa halittarta daban.

Asalinta daga Meziko take da kudancin ƙasar Amurka da ƙasashen da ke kewaye, can suna ce mata magai, kuma irinta ya haura 200. Da yawansu a gangaren duwatsu suke fitowa, inda in aka yi ruwa yake gangarewa ya wuce nan take. Kin ga kowane ganye na kowace shuka yana da ƴan ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ta nan take shaƙar iska, ta nan kuma ruwan jikinta ke tsiyayewa. Gero da zogale da mangwaro da rana suke buɗe nasu, shi ya sa kike ganin sun langaɓe da azahar. Agab kuwa rufe nata take yi duk tsawon yini, sai dare ya yi iska ta yi sanyi sannan ta buɗe ta ɗibi abin da take so ta ajiye, gari ya waye ta yi aiki da shi a rufe. Abarba ma haka take yi. Ga ganyen da kauri cike da ruwa kamar salka, ga wani farin abu kamar kakin zuma a bayanshi da ke hana rana tsotse shi. Saiwarta kuma ba ta nitsewa can ƙasa, a sama-sama take bazuwa don ta cafke ko yayyafi ne. Sannan ki dubi yadda ganyen suka jeru a kewaye kamar mazurari, duk ɗigon da ya sauka a kansu gindi yake gangarawa. Shukar da Allah ya yi ma wannan tsari, in kika ƙara mata ruwan arozuwar, wato butar ban ruwa, safe da marece, gindin ba zai taɓa bushewa ba, saiwar ta rasa numfashi, ruɓa ta shiga daga ƙasa ta hau zuciyar. Kuma abin takaici ba ta nuna miki da wuri, sama tana nan kore shar alhali ƙasa ta gama lalacewa, ranar da kika ga rawaya an yi nisa.

Ta jikin bangon nan, don Allah ki ɗaga kai ki duba ko akwai indararo ko bakin tol a samanta. Ina kyautata zaton akwai. Ruwan da ake samu a Tawa a shekara bai da yawa, wajen milimita 350 zuwa 400 ne, Yamai ta ɗan fi mu, tana kaiwa 550 ko sama kaɗan, amma kin san yadda yake zuwa, fiye da rabin abin cikin Yuli da Agusta yake zubowa, wani lokaci dare ɗaya tsakar gida ta zama tafki. In shuka tana ƙarƙashin indararo to ruwan rufin ɗaki gaba ɗaya a tsakiyar kanta yake sauka. Ta wurin alwala kuwa sau biyar a yini ƙasarta ke jiƙa, ban da wankin hannu da na buta. Na taɓa dasa guda goma sha biyu a jere a farfajiyar wani ofis a Yamai, sun yi kyau ƙwarai, daga baya aka shimfiɗa gazo, wato ciyawar ado, a kewayensu mai gadi yana sakin tiyo kullum da safe, kafin shekara ta zagayo saura uku, na je na tarar da su sun zube kamar kabewar da ta ruɓe, abin ya yi mini ciwo har yau. Tun daga nan ba na yarda in haɗa agab da gazo wuri ɗaya ko nawa za a biya ni.

Yanzu maganar ceton ta biyun, don ita ce ta gaggawa. Kar ki jira. Ki sa a tone ta gaba ɗaya, a fara tonon nesa da gindi kamar taƙi biyu don kar a sassare ta, a ɗago ta a kakkaɓe ƙasar, a wanke gindin a duba. Ki kama ganyen tsakiya, waɗanda ke naɗe kamar tsinin mashi, ki ɗan ja. In suka tsaya ƙyam akwai rai. In suka zare suka taho da ruwa-ruwa da wari, ta riga ta tafi, sai haƙuri, a kai ta nesa a zubar, amma kafin nan a duba gefenta ko ta fidda ƴaƴa don sau da yawa uwa na mutuwa ƴaƴan na nan lafiya lau. In zuciyar na da ƙarfi, a samu wuƙa mai kaifi a gasa bakinta a wuta ko a goge da alkol, a yanke duk saiwar da ta yi baƙi da duk inda ya yi laushi har sai an kai ga fari tas mai tauri kamar ɗanyen rogo. Kar ki ji tausayi wurin yankan, ɗan baƙin da aka bari shi zai ci gaba da cinta. A barbaɗa tokar murhu busassa a ciwon, a ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a kwance ko a jingine, kwana bakwai har goma. Na san za ki ji kamar za ta mutu a haka babu ƙasa babu ruwa, ba abin da zai same ta, abincinta da ruwanta suna cikin ganye. Sai ciwon ya bushe ya yi ɓawo sannan a dasa, kuma ba a tsohon ramin ba.

Wurin da za a dasa shi ne rabin aikin. Ki zagaya gidan ki tuna inda ruwa ke kwanciya da damina, duk nan a cire shi daga lissafi. Inda kika zaɓa a haƙa rami kamar zurfin kamu ɗaya a juye bokitin ruwa a ciki, in bayan awa guda ruwan na nan tsaye to wurin bai yi ba sai an gyara. Sabbin parsel ɗinmu na nan da yawa an cike su da jar ƙasa an daddaɓe, ga guntayen siminti da bulo da magina suka binne, sama ka ga rairayi ƙasa kuwa kamar daɓe. Abin da nake yi ni, ba na dogara da rami, tudu nake tadawa. Ina haɗa yashi mai tsakuwa-tsakuwa irin na ƙorama wanda magina ke so, kashi biyu, tsakuwa ko farfasasshiyar marmara kashi ɗaya, ƙasar wurin kashi ɗaya, in tada tudu kamar santimita 20 zuwa 30 sama da tsakar gida, faɗinshi ya kai mita. Ki lura, yashi mai gari-gari wanda iska ke tarawa jikin katanga bai yi ba, in ya haɗu da laka tubali kika kwaɓa. Taki kuwa ɗan kaɗan, cikin tafi biyu ya isa, kuma tsoho wanda ya riga ya zama ƙasa. Ɗanyen kashin awaki ko na shanu gara yake kira, kuma yana riƙe laima a gindi. Takin zamani ba ta buƙatarshi sam, in aka yawaita ganyen ya yi tsawo ya yi laushi ya rasa wannan cikar da ake sonta dominta.

Wurin dasawa kar a binne wuyanta. Inda ganyen ƙasa suka fara ya zauna a sama da ƙasa, saiwa kaɗai ke shiga ciki. In tana rawa a tokare ta da duwatsu uku kamar murhu har ta kama. Sai a zuba tsakuwa a kewaye gindin, ba ciyawa ba, ba buntun gero ba. Bayan an dasa kar a ba ta ruwa sai an yi kwana bakwai ko goma, nan ne mutane ke kasa haƙuri, hannu na ƙaiƙayi a zuba, kuma ruwan farkon nan a kan saiwa mai sabon ciwo shi ke buɗe ma ruɓa ƙofa.

Lokacin dashe mafi kyau a wurinmu shi ne bayan damina ta ɗauke zafin kaka ya sauka, wajen Nuwamba, ta samu watannin sanyi ta kafa saiwa kafin Afirilu ya zo da wutarshi. Shukar taki dai ba za ta jira Nuwamba ba tunda jinya ce, ki sa ta a tukunya tukuna, in sanyi ya shigo a maida ta ƙasa.

Ban ruwa kuma ga yadda nake yi, amma ki riƙa sa yatsa a ƙasa kina dubawa don gida ya bambanta da gida. Sabuwar dashe, watanni uku na farko, sau ɗaya a kwana bakwai zuwa goma. In ta kama, da hunturu sau ɗaya a wata ya wadatar. Da bazara sau ɗaya a sati biyu ko uku, a ba ta sosai ruwan ya shiga ƙasa sannan a ƙyale ta ta bushe ƙarƙaf. Da damina ko ɗigo, daga ruwan farko na kirki har ya ɗauke ki ɓoye arozuwar ɗin, ki gaya ma yara da mai aiki. A gefe ake zubawa a ƙasa, ba a tsakiyar kanta ba. Akwai wani abu da na lura da shi a Afirilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 kullum dare ma ba ya sanyi: shukar kamar barci take yi, ba ta girma, ganyen ya ɗan dushe, sai mai gida ya tsorata ya yi ta kwarara mata ruwa da tsakar rana, ƙasa ta yi zafi ta yi laima, saiwar ta dahu. A irin lokacin da asuba ake ba ta ko bayan magariba, kuma kar a ƙara yawan zubin. Alamar ƙishi na gaskiya ita ce ganye ya yi ƴan tamoji a tsaye ya ɗan naɗe ciki, in kika ba ta ruwa kwana biyu uku ya cika ya koma. Alamar ruwa ya yi yawa kuwa rawaya daga ƙasa da laushi, irin wanda kika gani. Ruwan robine ko na rijiya duk ɗaya ne a wurinta, ruwan wanki mai omo da zabel ne kawai ban yarda a zuba mata ba.

Kin tambaya ko ta dace da ƙasarmu. Ta dace ƙwarai, sai dai agab iri-iri ce kuma masu pepiniyar bakin hanya ba kowa ya san bambancinsu ba, duk suna ɗaya suke kira. Wadda aka fi gani ita ce Agave americana, mai launin toka-toka da shuɗi-shuɗi, akwai kuma mai ratsin rawaya a gefen ganye. Wagga ita ce jaruma, rana ba ta dame ta ba, amma girmanta ne matsala, tana iya kai mita biyu a tsaye, faɗi kuma har mita uku, ga ƙayoyi masu lanƙwasa a gefen ganye kamar ƙugiya ga tsini a baki. Mutum ya saye ta tana cikin leda ƴar mitsitsiya ya dasa bakin ƙofa, bayan shekara biyar ba a iya shiga da babur sai an karce. In gidanki ba mai faɗi ba ne ki bar ta ma masu babban fili ko wajen katanga. Akwai Agave angustifolia, mai siririn ganye miƙaƙƙe da farin ratsi a gefe, ba ta cika wuce mita ɗaya ba, tana yin dunƙule kamar tauraro, ita na fi dasa ma mutane a tsakar gida kuma daga kwatancenki ina zaton ita ce taki. Akwai Agave attenuata, mai taushin ganye kore mai haske, ba ta da ƙaya ko ɗaya, mata na sonta saboda yara, amma ranar Tawa ta fi ƙarfinta, in ba a ƙarƙashin inuwar itace ko baranda mai samun hantsi kawai ba to toyewa take yi. Akwai wata ƴar ƙarama, Agave victoriae-reginae, kamar an zana mata farin layi da alli, faɗinta bai cika wuce rabin mita ba, ga jinkirin girma, in kika dace da ita tukunya ce wurinta.

Sai sisal, Agave sisalana, wadda ake igiya da zarenta. Sunan daga wata tashar jirgin ruwa ce a yankin Yukatan na Meziko inda ake lodinta. Labarinta yana burge ni: a 1893 wani Bajamushe masanin noma, Richard Hindorf, ya sa aka ɗauko ƴaƴanta 1000 daga Fulorida don a kai Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, guda 62 kaɗai suka isa da rai, kuma daga waɗannan 62 ɗin ne gonakin sisal na gabashin Afirka suka tashi, har Tanzaniya ta yi zamani tana cikin manyan masu saida shi a duniya, yanzu Barazil ce kan gaba. Kin ga shukar da ta jure tafiyar jirgin ruwa ta wancan zamani, kwana goma a inuwar zaurenki ba zai kashe ta ba. Sisal in ta girma gefen ganyenta sumul yake, tsinin baki kawai gare ta, tana kyau a shinge.

Maganar rana, ko jarumar ma akwai inda take jin jiki. Shukar da ta taso a pepiniya ƙarƙashin inuwar bedi ana yayyafa mata ruwa, in aka ɗauko ta aka dasa a tsakiyar rana kai tsaye, cikin kwana biyu za ki ga fararen tabo a ganye kamar an zuba tafasasshen ruwa, kuma tabon ba ya gogewa sai dai sabon ganye ya rufe shi. A saba mata a hankali, sati biyu tana samun hantsi kawai, ko a kafa mata ɗan zana ko tsohon buhu ta yamma. Wurin da ya fi muni shi ne jikin bangon siminti mai kallon yamma, ko tsakiyar pabe da karo, don zafin da suka sha da rana suna maida mata shi har tsakar dare, ita kuwa da dare take numfashi. Gabas ko inda inuwa ke faɗowa bayan azahar ya fi. In tukunya za ki sa, ta ƙasa irin tamu ta fi ta roba nesa ba kusa ba, tana numfashi, baƙar roba kuwa dafa saiwa take yi. A huda gindin tukunyar huda babba, a ɗora ta kan bulo biyu don ruwa ya samu hanya, kuma kar a sa faranti a ƙarƙashi.

Yanzu abin da ya fi damuna, tunda kin ce akwai yara. Tsinin bakin ganyen nan ba wasa ba ne, mutanen Meziko na da can da shi suke allura, su zare shi da zarenshi su yi ɗinki. Tsayinshi daidai idon yaro mai tatata yake. Duk wadda ke cikin gida ki sa a bi ganyen ɗaya bayan ɗaya a datse tsinin da sekater ko abin yanke farce, tsinin kawai ban da naman ganyen, ba ya cutar da ita, kuma duk bayan ƴan watanni a sake bi don sabbin ganye na buɗewa. Kar a dasa ta kan hanyar bayi ko inda ake wucewa da dare in an ɗauke wuta. Busassun ganyen ƙasa a riƙa cire su, kunama na son irin wurin.

Na biyu kuma, ina roƙonki ki gaya ma ƴan matan gidan: wagga ba alobera ba ce. Sun yi kama a ido ga wanda bai sani ba, kuma na san yadda ake yankar alobera ana shafa ma fuska da gashi. In kika karya ganyen alobera ciki santsi ne kamar kaurin koko mai haske, na agab kuwa zare ne cunkus, ba ya ma karyuwa da hannu. Ruwan agab yana da wasu ƴan allurai ƙanana da ido ba ya gani, irin abin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro, in ya taɓa fata sai ƙaiƙayi da ja, wani har ƙuraje masu ruwa. Ranar da na fara sare wata babba da adda, hannun riga a naɗe, ruwan ya fantsamo mini a damtse, kwana uku ina jin kamar an zuba mini barkono, har wurin ya yi borin jini. Duk wanda zai yanke ta ya sa riga mai dogon hannu da safar hannu da tabarau, in ya taɓa shi ya wanke da sabulu da ruwa mai yawa nan take, in ido ne a wanke a tafi likita kar a tsaya.

Daɗin shukar nan shi ne sau ɗaya ake saye. Shekara ɗaya biyu za ki ga ƴaƴa na ɓullowa a gefe, suna haɗe da uwar ta wata jijiya a ƙarƙashin ƙasa. In ɗa ya kai tsawon tafin hannu ko fiye, a tone gefenshi a yanke jijiyar, a shanya shi a inuwa kwana huɗu biyar, a dasa kamar yadda na faɗa. Ko ba ki son ƙari ki riƙa cire su, in aka bar su sai su cunkushe uwar wurin ya zama kurmin ƙaya da ba mai iya sa hannu, kyanta kuwa a ganta ita kaɗai ta baje. Waɗanda ke waje bakin titi a kewaye su da waya ko ƙaya suna ƙanana, awakin unguwa na gwaguyar ganyen masu taushi in rani ya yi tsanani, in ta girma ta fi ƙarfinsu.

Akwai ranar da za ta ba ki mamaki, gara in gaya miki tun yanzu. Agab sau ɗaya take fure a rayuwarta. Turawa na ce ma americana shukar shekara ɗari, amma gaskiyar abin tsakanin shekara 10 zuwa 30 ne, sisal kuwa wajen 7 zuwa 10. Sai ki wayi gari ki ga wani abu kamar gora ya fito daga tsakiyarta, yana tsawo kina gani kullum, na americana yana iya kai mita takwas, ya yi rassa a sama ya yi fure, zuma da tsuntsaye su yi ta zuwa. Duk abin da ta tara shekara da shekaru a kan sandar nan take ƙarar da shi, in furen ya gama uwar sai ta bushe. Ba ciwo ba ne, ba kuma abin da za a yi, ko an sare sandar ba ta komawa yadda take. Sisal da angustifolia har a kan sandar suke fidda ƴaƴa ɗaruruwa, suna zubowa ƙasa kowane shuka ne. Sandar in ta bushe ba ta da nauyi, tana aikin rumfa. Abin lura kawai kar a dasa babba ƙarƙashin wayar lantarki.

Ƙwari ba su cika damunta ba a nan. Wanda na fi gani shi ne wani farin abu kamar auduga da ke maƙalewa a matsatsin ganye, musamman in ƙurar hunturu ta taru a ciki, kuma kusan kullum za ki ga tururuwa na kai da kawo a wurin don su ke kiwonshi. Ruwan sabulun solo kaɗan da tsohon buroshin haƙori ya isa, ko ruwan dakakkun ƴaƴan bedi, a yi da safe don ya bushe kafin dare. Akwai wani baƙin ƙwaro mai dogon baki da ke huda gindi ya yi ƙwai tsutsarshi ta cinye ciki, shi ne babban abokin gaban agab a Meziko da gonakin sisal na gabashin Afirka, saboda shi nake cewa duk wadda za ki saya ki juya ta ki duba gindin, in kin ga huda ko wuri mai laushi ki ajiye ta ko kyauta aka ba ki.

In kina son wurin ya yi kyau, ki haɗa ta da masu irin halinta don ban ruwansu ya zo ɗaya. Alobera a ɗan inuwa, kariya mai kaurin gindi da jan fure wadda ita ma ƴar ƙasar nan ce (sai dai ruwanta dafi ne, a kula da yara), aguwa ko lalle a baya su yi shinge, bugenbil a jikin katanga can nesa kaɗan. A shimfiɗa jar tsakuwa a ƙasa a ajiye manyan duwatsun Adar biyu uku, launin tokar ganyen a kan jan dutse da hantsi abin kallo ne wallahi. Masu son ruwa kullum irin su na'ana'a da rihan a ware musu nasu gefen, can wurin alwalar ma ya dace da su.

Ki sa a tone ta gobe da safe in Allah ya kai mu, kafin rana ta yi zafi. In an wanke gindin ki ɗauko mini hoto biyu, ɗaya na saiwar ɗaya na tsakiyar ganyen daga sama, zan gaya miki irin wadda ce da kuma iya inda za a yanke. Ki duba tsohon ramin ta farin ma, ki tona gefe-gefe da hannu a hankali, mai yiwuwa ta bar miki ɗa ko biyu a ƙarƙashin ƙasa. A gaida Alhaji da yara.